Kuɗin ceton birin orangutan: marayu za a ciyar ko kurmi za a tsare?

Abban_Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar. Shekaranjiya da daddare 'yata ta kawo min waya idonta ya yi ja, wai Abba kalli wannan. Jaririn biri ne mai jan gashi, irin wanda ake ce wa orangutan, an ɗaura masa kunzugu kamar ɗan mutum, wata mata tana ba shi madara a fida, shi kuma ya ƙanƙame mata riga ya ƙi saki ko da hannu ɗaya. An kashe uwarsa ne a tsibirin Borneo. A ƙarshe suka ce mutum zai iya ɗaukar nauyin maraya ɗaya yana tura wani abu duk wata, to yarinya ta kafe sai mun yi, har ta ce a cire daga kuɗin makarantar da nake ba ta na tara. Wlh abin ya taɓa ni nima. Amma abin da nake so in sani, wannan kuɗin da duniya take tarawa da sunan birin nan yana yin aiki kuwa? Kuma in mutum ɗan abin da zai bayar kaɗan ne, gidan marayun zai ba wa ko masu tsare dajin? Don na ga kamar in babu daji ko an raini marayan ina za a kai shi.

Sadiq_Fagge:
Wa alaikumus salam Abban Hanifa. Ni gaskiya zan faɗa maka, a unguwarku akwai marayun mutane da ba su karya ba yau. Mudun shinkafa nawa yake yanzu? A ce mutum ya ɗauki kuɗinsa ya canza zuwa dala ya tura wa biri a wata duniya, raina bai kwanta da shi ba sam.

Ummu_Sumayya:
Malam Sadiq ai ba a ce a bar ɗaya a kama ɗaya ba. Kai ma ka san hadisin mutumin da ya shayar da kare a bakin rijiya aka gafarta masa, da matar da ta kulle kyanwa har ta mutu ta shiga wuta a kanta. Yarinya ƙarama ta ga dabba cikin wahala zuciyarta ta motsa, wannan abin a raya mata shi ne, irin wannan zuciyar ce gobe za ta tausaya wa maƙwabci.

Tsohon_Dalibin_Sabah:
Na yi karatu a jihar Sabah ta Malesiya, ɓangaren Borneo ke nan, kuma na je Sepilok sau biyu, cibiyar da ke kusa da garin Sandakan wadda aka buɗe tun 1964 don renon marayun. Bari in ba ku abin da idona ya gani. Ƙarfe 10 na safe da 3 na yamma ake zuba musu 'ya'yan itace a kan wani dandamalin katako cikin kurmi, mu kuma muna can nesa a tsaye an hana mu surutu. Mun fi minti 20 ba komai sai zufa da kukan ƙwari, can sai na ga igiya tana rawa, sai ga wata uwa ta sauko a hankali ɗanta na manne a kwiɓinta. Ta ɗauki ayaba ta ɓare ta gutsura ta miƙa masa sauran, da aka fara yayyafi kuma ta karyo wani faffaɗan ganye ta ɗora a kanta ta rufe su biyun. Wlh tsigar jikina sai da ta tashi. Sunan ma daga yaren Malay yake, orang mutum, hutan daji, wato mutumin daji, kuma in ka haɗa ido da shi za ka gane dalilin sunan.
Wani ma'aikaci ya gaya mana ranar da birai ba su zo cin abinci ba su murna suke, don alama ce sun samu abin ci da kansu a cikin kurmin. Amma abin da ya fi tsaya min a rai hanyar da muka bi ne daga baya zuwa kogin Kinabatangan, awa da awanni muna tafiya hagu kwakwar manja dama kwakwar manja a jere kamar sahun sallah, kurmin da ya rage ɗan siriri ne a bakin kogi. Har gadar igiya aka ɗaura musu a saman ƙananan rafuka don ba sa iya iyo, kuma manyan bishiyoyin da rassansu ke haɗuwa su tsallaka an sare su.

Abban_Hanifa:
Allah ya saka da alheri ɗan uwa, na karanta wa Hanifa labarin ganyen nan ta ce in tambaye ka ko ka ɗauki hoto. To amma dai har yanzu tambayata tana nan, ina ya fi kamata kuɗin ya je.

Malamar_Kimiyya:
Kafin a amsa maka Abban Hanifa ya kamata a san me ya sa lamarin birin nan ya fi na sauran dabbobi tsanani. A duk duniya tsibiri biyu kawai yake rayuwa a daji, Borneo da Sumatra. Iri uku ne. Na Borneo an ƙiyasta sun ɗan haura 100,000, na Sumatra wajen 14,000, sai na yankin Tapanuli da ke arewacin Sumatra wanda sai a 2017 masana suka tabbatar irinsa daban ne, su ko 800 ba su cika ba. Duka ukun suna cikin jerin waɗanda ke daf da ƙarewa.
Matsalar haihuwa ce. Macen sai ta kai wajen shekara 15 take fara haihuwa, ɗa ɗaya take haifa, sannan ba za ta sake ba sai bayan shekara 7 ko 8, duk tsawon lokacin nan ɗan yana biye da ita yana koyon wace bishiya ce ke 'ya'ya a wane wata, wane ganye ake ci wane ne guba, yadda ake lanƙwasa rassa a yi sheƙar kwana don kullum da yamma sabuwa suke yi a saman bishiya. Duk rayuwarta da wuya ta wuce 'ya'ya 4 ko 5. Akuyar gidanku a shekara biyu ta ba ka fiye da haka. Shi ya sa in aka harbe uwa ɗaya gibin da aka yi ba ya cikewa da wuri. Kuma ku sani uwar ba ta sakin ɗanta da rai, kusan duk jaririn da kuka gani a hannun mutum to sai da aka bi ta kan gawarta.

Ummu_Sumayya:
Innalillahi. Wannan jumlar ta ƙarshe ta karya min zuciya Malama.

Dakta_Muhalli:
Abban Hanifa tambayarka an yi bincike a kanta kai tsaye. A 2022 wasu masana suka fitar da nazari a mujallar Current Biology, suka bi diddigin kuɗin da aka kashe kan kare orangutan daga 2000 zuwa 2019, ya kai kusan dala biliyan 1. Suka duba kowane irin aiki me ya haifar. Abin da ya fito shi ne kare dajin kansa, da sintirin masu gadi, da shiga ƙauyuka ana zama da mutane ana wayar da kai, su suka fi biyan kuɗin da aka zuba musu. Ceto da reno da sake mayarwa daji yana cin kuɗi sosai a kan kowane biri ɗaya, tunda maraya sai ya yi shekaru ana ba shi madara da magani ana biyan masu renonsa dare da rana. Ni a fahimtata in naira ɗaya gare ka kuma burinka kada irin ya ƙare, ka ba masu tsare kurmi. Sai dai ga inda gizo ke saƙar, hoton jariri da fida shi ke buɗe aljihun mutane, babu mai zubar da hawaye don ya ga hoton mai gadi da takalmin roba yana ratsa taɓo.

Sadiq_Fagge:
Ka ji ko! Dala biliyan ɗaya Dakta, kuma biran suna raguwa. Ashe maganata tana kan hanya, kuɗin yana tafiya ne a otal da taro da manyan motoci.

Dakta_Muhalli:
Malam Sadiq raba biliyan ɗin a shekara 20, dala miliyan 50 ke nan a shekara, a ƙasashe biyu, Indonesiya da Malesiya, kan daji mai faɗin da sai ka yi kwanaki a jirgin kwale-kwale kafin ka ratsa wani ɓangarensa. Yanzu ka ɗora shi a sikeli da gobarar 2015 kaɗai, wadda ta cinye hekta miliyan 2.6 a Indonesiya, Bankin Duniya ya ƙiyasta asarar ta haura dala biliyan 16. Ban ce babu ɓarna a wasu ƙungiyoyi ba, akwai, kuma dole a tambaye su lissafi. Amma abin da ake kashewa wajen karewa ɗan tsito ne a gaban abin da ake zubawa wajen sarewa. Wani binciken na 2018 ya nuna Borneo ta yi asarar orangutan fiye da 100,000 tsakanin 1999 da 2015, kuma da yawansu a dajin da ba a ma sare ba aka kashe su, farauta da rikici da manoma. Nan ne amfanin sintiri yake.

Hajiya_Mai_Manja:
Ni dai na ga ana ta ambaton manja manja, shekarata 19 ina sarin manja daga kudu ina kawowa kasuwa, da shi na aurar da 'ya'ya uku. Kar ku sa mutane su fara kallonmu kamar mu muka kashe birai don Allah. Nawa daga Edo da Akwa Ibom yake zuwa, matan ƙauye ke tatsarsa.

Malamar_Kimiyya:
Hajiya ki kwantar da hankalinki ba jan manjan miyarki ake magana ba. Wanda aka tace ya yi fari ne ake sayarwa duniya a jiragen ruwa, yana cikin sabulu da biskit da cakulan da man shafawa da taliyar yara, har man mota ake yi da shi. Indonesiya da Malesiya su biyu ke samar da kusan kashi 85 cikin 100 na duniya. Amma fa mu ma muna shigo da shi, don abin da muke nomawa ba ya isarmu.

Kabiru_KD:
Abin takaicin ma a wajenmu suka zo suka karɓi irin kwakwar a shekarun 1960, a garin Benin, yau ga shi sun fi mu har mu muke saye a hannunsu.

Injiniya_Bello:
Kabiru wannan labarin kowa ya taso yana jinsa amma tarihin ya girmi haka. Gaskiya ne asalin bishiyar ta Afirka ta Yamma ce, kuma gaskiya ne a farkon shekarun 1960 Najeriya ce kan gaba a duniya. Sai dai Turawan Holan sun dasa ta a lambun Bogor da ke tsibirin Java tun 1848, tsiro huɗu kacal, kuma gonar kasuwanci ta farko a Malesiya an kafa ta a 1917 a jihar Selangor. Ka ga tun kafin mu samu 'yanci da shekaru masu yawa tana can. Musayar iri tsakanin cibiyoyin bincike an yi daga baya, wannan kam ba a musu, watakila daga nan labarin ya samo tushe.

Kabiru_KD:
To na karɓi gyara Injiniya, na gode. Amma dai batun sun wuce mu yana nan daram.

Dakta_Muhalli:
Tunda an shiga batun manja bari in ƙara abu ɗaya don kar a fita da fahimtar cewa ƙaurace masa ne magani. Babu wata shukar mai da ke ba da yawan man da kwakwa ke bayarwa a hekta ɗaya, ta ninka waken suya sau da yawa. In duniya ta bar ta ta koma wani man, filin da za a share ya fi haka, sai dai a mayar da ɓarnar wata ƙasa. Kuma miliyoyin ƙananan manoma a Indonesiya da ita suke ci. Abin da ake faɗa a kai shi ne a daina sare sabon kurmi don dasa ta. Don haka aka kafa ƙungiyar RSPO a 2004 mai ba da shaidar cewa an noma manja ba tare da irin wannan ɓarnar ba, ko da yake ita ma ana sukarta da sakaci wajen bin diddigi.

Tsohon_Dalibin_Sabah:
Abban Hanifa ka ce wa Hanifa akwai hoton amma ya yi duhu, zan nema in turo. Dakta ya ambaci 2015, ina can lokacin. Hayaƙin da ke tasowa daga Indonesiya ya rufe garuruwa a Malesiya har aka rufe makarantu, su suna ce masa jerebu. Ya fi hazon hunturunmu muni nesa ba kusa ba don shi yana da wari, kamar an ƙona jiƙaƙƙen itace a cikin ɗakinka, maƙogwaro na ƙaiƙayi ido na ruwa. Wani abokin karatuna ɗan garin Palangka Raya ne a tsakiyar Kalimantan, wato ɓangaren Borneo na Indonesiya, ya nuna min hoton da ƙanwarsa ta turo da tsakar rana, sararin sama ya koma ruwan ɗorawa, ba ka ganin gidan da ke tsallaken titi.
Dalilin da wutar ba ta mutuwa shi ne irin ƙasar. Dausayi ne da ganye da itace suka taru suka ruɓe cikin ruwa shekaru dubbai, wani wurin zurfinsa ya wuce mita 10. Muddin yana jiƙe lafiya lau. Da an haƙa magudanai an tsotse ruwan don noma sai ya bushe ya zama makamashi, wuta ta shige ƙasa tana ci kamar wutar ƙaiƙayi, ka kashe nan ta ɓullo can, sai damina ta sauka sosai take mutuwa. A zamanin shugaban Indonesiya Suharto a 1996 aka yi shirin mayar da hekta miliyan ɗaya na irin dausayin nan gonar shinkafa a Kalimantan, shinkafar ba ta yi ba, magudanan kuma suka bar wurin yana ci da wuta duk rani mai tsanani. Kuma irin wannan dausayin na cikin wuraren da orangutan suka fi yawa. Shi ya sa wani aikin da ake yi da kuɗin tallafi ba ka ma ganin biri a cikinsa, toshe magudanai ne da katako da buhunan ƙasa don ruwa ya dawo.

Baba_Mai_Gandu:
Yarana ku bar ni in sa baki, shekara 31 na yi ina aikin gandun daji kafin in yi ritaya. Ban taɓa ganin wannan birin ba amma maganar Dakta ta sintiri na san ta a jikina. Akwai shekarar da muka yi wata biyar babur ɗinmu ɗaya yana jingine babu mai, mu shida muke gadin dajin da a ƙafa sai ka kwana biyu ba ka kai ƙarshensa ba, takalmina ya ɓule na ɗaure shi da roba. Masu saran itace sun san ranar da muke fita da ranar da ba ma iyawa. Lokacin da aka samu wani ɗan tallafi aka ba mu mai da alawus a kan kari, cikin wata uku ƙarar zarto ta ɗauke a ɓangarenmu, da tallafin ya ƙare kuma ta dawo. Abin da zan ce wa masu bayarwa, kuɗin daji ba na shekara ɗaya ba ne, gara kaɗan da ba ya yankewa da mai yawa da zai zo sau ɗaya a yi biki a watse.

Dakta_Muhalli:
Allah ya ƙara girma Baba. Abin da takardun suka faɗa ke nan kai ka faɗe shi a taƙaice.

Nas_Rahma:
Baba sannu da ƙoƙari. Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma akwai wani tsari da ya burge ni a yammacin Kalimantan, garin Sukadana kusa da gandun Gunung Palung inda orangutan suke da yawa. Wata likita Ba'amurkiya Kinari Webb da abokan aikinta 'yan ƙasar suka zauna da mutanen ƙauyuka suka tambaye su me ke sa ku sare daji. Amsar da ta yi ta dawowa ita ce kuɗin asibiti, in ɗanka ya kwanta ba ka da ko sisi sai ka ɗauki zarto ka shiga gandu. Sai suka buɗe asibiti a 2007 mai suna ASRI. Ƙauyen da ya daina sara ana yi wa mutanensa rangwame har kashi 70, kuma wanda ba shi da kuɗi zai iya biya da tsiron bishiya ko taki ko tabarmar da ya saƙa. Ka yi tunanin uwa ta zo da yaro mai zazzaɓi da kwandon tsirrai a ka, a duba shi a ba shi magani, tsirran kuma a dasa a inda aka sare. Har sayen zarton suke daga hannun masu sara su taimaka musu da jarin wata sana'ar. Nazarin da aka buga a 2020 ya nuna saran daji a gandun ya ragu da kusan kashi 70 in aka kwatanta da abin da ake tsammani ba don shirin ba. Malam Sadiq ka ga nan kuɗin biri ya yi wa ɗan Adam magani.

Sadiq_Fagge:
Wannan kam na yarda da shi Anti Rahma, in irin wannan ne ba ni da ja. Abin da ba na so shi ne a fifita dabba a kori talaka daga gonarsa. Manomin da biri ya shiga lambunsa ya cinye masa amfanin shekara shi wa zai biya shi? Kuma mu ma fa muna da namu, akwai birai a Gashaka Gumti a Taraba, ga goggon birin Kuros Riba da aka ce duka duka wajen 300 suka rage tsakaninmu da Kamaru, wa ke tara musu?

Ustaz_Abu_Ammar:
Tambaya mai kyau Malam Sadiq, kuma wanda ya ba na gida bai yi laifi ba. Ina so in ƙara wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Indonesiya ita ce ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi, kuma Majalisar Malamanta ta fitar da fatawa a 2014 cewa farauta da fataucin dabbobin da ke daf da ƙarewa haramun ne, orangutan na ciki tare da damisa da karkanda da giwa. A 2016 suka sake fitar da wata kan haramcin cinna wa daji wuta ta hanyar da za ta cutar. Allah ya faɗa a Suratul An'am aya ta 38 cewa dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsaye al'ummu ne irinmu. Don haka kar a ɗauka aikin Turawa ne kawai, limamai a ƙauyukan Sumatra suna hawa mumbari da wannan maganar.

Ummu_Sumayya:
Duk na ji bayanan kurmi kuma na gamsu, amma ni har yanzu zuciyata tana wajen marayun, kar lissafi ya sa a yar da su. A 2019 a lardin Aceh da ke Sumatra an ceto wata uwa da aka sa wa suna Hope, da aka ɗauki hoton jikinta a asibiti an ga harsashin bindigar iska 74 a ciki, idanunta sun makance, jaririnta kuma ya mutu a hanya saboda yunwa. In babu cibiyar da za ta karɓe ta ina za a kai ta? Kuma Dakta in jami'i ya ƙwace jariri a hannun mai fatauci alhali babu gidan reno, me zai yi da shi? Ai sai ya kau da kai ya bar shi.

Dakta_Muhalli:
Gaskiyarki Ummu Sumayya, doka ba ta aiki in babu inda za a ajiye abin da aka ƙwato. Kuma manyan gidajen renon ma sun gane abin da Abban Hanifa ya hango tun a tambayarsa. Gidauniyar BOS ta ceton orangutan a Borneo da aka kafa a 1991, mai cibiyar Nyaru Menteng kusa da Palangka Raya, sai da ta kai ga ta kafa kamfani ta karɓi lasisin wani daji mai hekta wajen 86,000 a gabashin Kalimantan, Kehje Sewen, ta biya gwamnati kamar yadda masu katako ke biya, don kawai ta samu inda za ta saki biranta. Daga 2012 zuwa yanzu sun mayar da fiye da 500 daji a wurare daban daban. Don haka in za ka ba gidan marayu ka duba rahotonsu na shekara, nawa suka saka, ina suka sake su, wa ke bin sawunsu bayan sakin, kaso nawa ke tafiya a albashin ofis.

Injiniya_Bello:
Mu fa ɗan abin da za mu tura ɗigo ne, manyan kuɗin na gwamnatoci ne kuma su ma ba sa tafiya sumul. Norwe ta yi wa Indonesiya alkawarin dala biliyan 1 a 2010 in ta rage saran daji, biya bayan an ga sakamako. A 2011 Indonesiya ta dakatar da ba da sabon lasisin sara a kurmin asali da dausayi, a 2019 ta mayar da dakatarwar ta dindindin, saran ya ragu sosai, amma kuɗin ya yi ta jan ƙafa har a 2021 ta fusata ta soke yarjejeniyar. Sai a 2022 aka sake ƙulla wata aka biya dala miliyan 56. In mai alkawari yana jinkiri, mai neman lasisin haƙar ma'adinai shi kuɗinsa a hannu yake zuwa. Ku duba Batang Toru inda 'yan Tapanulin nan da Malama ta ambata suke, a cikin dajinsu aka sa aikin madatsar lantarki mai megawat 510, masana suka yi ta kuka cewa zai raba su gida gida.

Kabiru_KD:
Na tuna a 2024 wani ministan Malesiya ya ce za su riƙa ba ƙasashen da ke sayen manjansu kyautar orangutan kamar yadda Sin ke yi da dabbarta panda. Da aka yi ca a kansa sai ya gyara, ya ce biran za su zauna a dajinsu, mai so ya ɗauki nauyinsu a can.

Abban_Hanifa:
Jama'a na gode ƙwarai, na ƙaru fiye da yadda na zata. Mun zauna da Hanifa jiya na karanta mata na Baba da na Anti Rahma. Ita dai tana nan kan marayanta, ni kuma hankalina ya fi karkata ga masu sintiri da asibitin nan, mahaifiyarta kuma ta goyi bayan Malam Sadiq ta ce a fara da gidan marayun unguwa ranar Juma'a. Ba mu gama yankewa ba. Ta ce in tambayi Malama, shi wannan jaririn na bidiyon yaushe zai koma daji?

Malamar_Kimiyya:
Ka ce mata in yana da lafiya zai iya ɗaukar shekara 6 ko 7. Zai fara da masu reno suna kwana kusa da shi, sai makarantar daji inda ake koya masa hawa da neman abinci da tsoron maciji, sai a kai shi wani tsibiri a bar shi a ga ko zai iya riƙe kansa, sannan a sake shi. Wasu kuma ba sa komawa har abada, wanda ya kamu da tarin fuka daga mutane ko ya makance ko ya daɗe a keji har ya girma, su sai dai a ci gaba da ciyar da su, kuma suna iya kai shekara 50. Shekarar Hanifa nawa yanzu?

Abban_Hanifa:
Tara take, watan gobe za ta shiga ta goma.